Tambayoyi da amsoshi kan sofbol na 'yan matan jami'o'in Amurka: me ya sa ake rububinsa haka?

Duk shekara daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni sai ka ga bidiyoyin wasu 'yan mata masu wulwula hannu suna jifa da ƙwallo ruwan ɗorawa sun cika Facebook da TikTok, kuma tambayoyin da 'yan uwa ke yi kusan iri ɗaya ne, ko ɗalibanmu da ke karatu a Amurka, ko iyayen da 'yarsu ta dawo daga makaranta ta ce ita fa tim take so ta shiga, ko waɗanda ke gida suka gani a waya suka kasa gane kan abin. Ga su nan na haɗa wuri guda. Lissafin kofuna da alƙaluman da ke ciki sun tsaya ne a kakar 2025.

Wai mene ne sofbol ɗin nan, ba besbol ba ne?

'Yan uwan juna ne amma ba ɗaya ba ne. A Chicago aka fara shi a 1887, a cikin ɗaki ma, wani George Hancock ya ɗaure safar dambe ta zama ƙwallo aka buga ta da sandar tsintsiya. Yau a jami'o'in Amurka maza ke buga besbol mata kuma sofbol. Ƙwallon sofbol ta fi girma, kewayenta wajen santimita 30, kuma tana da tauri sosai, in ta sami mutum a ƙauri zai ji a jikinsa. Filin ƙarami ne: tsakanin tasha da tasha mita 18 ne, na besbol kuwa mita 27, mai jifa tana tsayawa mita 13 kacal daga mai bugu, katangar ƙarshen fili kuma wajen mita 60 zuwa 67. Babban bambancin da ido ke fara gani shi ne jifan, ta ƙasa ake sako ƙwallo, hannu ya zagaya ya saketa daidai cinya.

Ya ake cin maki? Na kalla ban gane komai ba

Kowane tim mutum tara ne a fili. Ɗaya yana bugu, ɗaya yana tsaro. Mai jifa ta sako ƙwallo, mai bugu ta maka mata gora ta sheƙa da gudu, akwai tasha uku sannan a dawo gida inda aka fara, duk wadda ta zagayo ta taka gida maki ɗaya kenan. Masu tsaro kuma aikinsu su fitar da mutum uku: ko su cafe ƙwallon a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko su riga mai gudu kai ƙwallo tashar da ta nufa, ko mai jifa ta sa ta kuskure sau uku. Da an fitar da uku sai a yi musanya. In kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya an gama turmi ɗaya kenan, kamar dai na dambe, kuma turmi bakwai ake yi. In aka ɗaga ƙwallo ta tsallake katanga shi ne homron, mai bugun da duk wadda ke kan tasha su tako gida a natse.

Akwai kuma dokar tausayi: in tim ya ba da ratar maki 8 bayan turmi biyar sai alƙalin wasa ya tashi wasan. Shi ya sa wani lokaci za ka ga an watse da wuri.

To me ya sa mutane ke son shi haka? Ba don dai a ƙarfafa wa mata gwiwa ba ne?

A'a wallahi. Mutum zai iya kallon wasa sau ɗaya don kara, amma ba zai raba dare yana kallo shekara da shekaru don kara ba. Wasan ne da kansa yake riƙe mutum, kuma sirrin yana cikin ƙanƙantar filin nan da na faɗa a amsar farko. Tunda mita 18 ne kawai zuwa tashar farko, yarinya mai sauri tana isa cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka, to mai tsaron da ƙwallo ta zo mata ba ta da lokacin gyara tsayuwa ko sake riƙo, ta ɗauka ta jefa a numfashi ɗaya, in ta ɗan yi jinkiri shikenan an wuce. Kusan kowace ƙwallon da aka buga ƙasa sai an yi kankankan a tasha. Akwai ma wani salon bugu da masu hagu ke yi, suna fara gudu tun kafin gora ta taɓa ƙwallo, su ɗan mare ta ta yi tsalle a ƙasa su kuma sun riga sun yi nisa, wannan salon ba ka ganinsa a besbol.

Sannan wasan ba ya cin lokaci, awa biyu galibi an gama, na besbol kuwa yakan kai uku. Maki kuma sau da yawa kaɗan ne, 2-1, 3-2, kuskure ɗaya ya juya komai. Dubi wasan farko na ƙarshen gasar 2025: Texas Tech na gaba da 1-0 a turmi na shida, suka yanke shawarar su ƙi ba Reese Atwood ta Texas ƙwallon bugu, su bar ta ta wuce tashar farko kyauta, sai jifa ɗaya ya matso kusa da ita fiye da yadda aka nufa, ita ko ta kai masa gora, mutum biyu suka shigo gida, Texas ta ci 2-1.

Ga kuma yanayin wurin. 'Yan benci ba sa zama shiru, waƙa suke da tafi da kirari tun daga farko har ƙarshe, in aka yi homron duk su fito su taru a gida suna jiran ta. Kujerun 'yan kallo suna dab da fili, kana ganin fuskar mai jifa, kuma da yawa daga cikin masu kallon ƙananan yara mata ne sanye da rigunan tim ɗinsu na unguwa, bayan wasa su yi layi a sa musu hannu a ƙwallo. Ni a ganina wannan kusancin yana cikin manyan abubuwan da suka gina wasan.

Jifa ta ƙasa ai ba za ta yi ƙarfi ba, ko?

Gani ya kori ji. Manyan masu jifa suna kai kilomita 105 zuwa 115 a awa, Karlyn Pickens ta Tennessee kuma a Mayun 2025 ta yi jifan da aka auna mil 79.4 a awa, wato wajen kilomita 128, ba a taɓa auna wanda ya kai shi ba a sofbol na jami'a. Ka tuna daga mita 13 ne, kuma mai jifan tana yin wani dogon taku gaba kafin ta saki, to mai bugu ba ta da ko rabin daƙiƙa ta gane inda ƙwallon ta nufa. Kuma ba miƙe take zuwa ba, akwai wadda ake murzawa ta zo kamar tana hawa sama gora ta bi ta ƙarƙashinta, akwai mai faɗuwa, akwai wadda hannu zai zagaya da ƙarfi amma ƙwallon ta taho a hankali mai bugu ta riga ta kai duka iska.

Wani abin da ya sa masu jifa suke zama taurari: jifan ƙasa bai cika gajiyar da kafaɗa kamar na besbol ba, don haka mace ɗaya tana iya jifa yau ta sake gobe ta sake jibi. 'Yan kallo sai su saba da fuska ɗaya tun daga farkon gasa har ƙarshe. A 2021 Montana Fouts ta Alabama ta fuskanci masu bugun UCLA, wato jami'ar California da ke Los Angeles, sau 21 ta fitar da su duka ba wadda ta taka ko tashar farko, ranar da ta cika shekara 21 da haihuwa. Amma kada a ɗauka ba ya cutarwa, duba amsar da na ba iyaye a ƙasa.

Me ya sa na jami'a ya fi suna, ba na ƙwararru ba?

Tushen abin wata doka ce ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har da wasanni. Jami'o'in da ke kashe maƙudan kuɗi kan ƙwallon Amurka ta maza dole suka buɗe tim-tim na mata da tallafin karatu, sofbol na cikin waɗanda suka fi amfana. Hukumar wasannin jami'o'i NCAA ta fara shirya gasar a 1982, yanzu akwai tim kusan 300 a babban rukuni kaɗai. Kuma jami'a a Amurka ta riga tana da magoya baya, tsofaffin ɗalibai da mutanen gari da suka gaji son makarantar daga iyaye, to tim ɗin sofbol bai fara daga sifili ba. Lig-lig na ƙwararru kuwa an sha kafawa suna rushewa, sai kwanan nan abin ya fara tsayawa, akwai bayani a tambayar bayan kammala karatu.

Ya tsarin gasar yake, kuma me ya sa kullum Oklahoma City?

Kaka tana farawa a Fabrairu, galibi a jihohi masu ɗumi irin su Florida da California da Arizona saboda arewa na cikin ƙanƙara. A Mayu a zaɓi tim 64, a raba su wuri 16 huɗu-huɗu, sai an ci ka sau biyu kake fita. Su 16 da suka tsira a haɗa su biyu-biyu, wanda ya ci wasa biyu cikin uku ya wuce. Takwas ɗin ƙarshe su ne ke zuwa gasar ƙarshe da ake kira Women's College World Series, nan ma sai an ci tim sau biyu yake tafiya gida, biyun ƙarshe kuma su kara wasa uku.

Tun 1990 a Oklahoma City ake yi, in ban da 1996 da aka kai Columbus ta jihar Georgia saboda Olamfik, da 2020 da korona ta hana. Filin yanzu sunansa Devon Park, yana ɗaukar mutum wajen 13,000 bayan an ƙara masa bene, kuma akwai yarjejeniyar ci gaba da yi a can har 2035. Zaman wuri ɗaya ya taimaka ƙwarai, iyalai suna tsara hutunsu a kai kowace shekara, yarinya 'yar shekara goma ta san sunan garin da take mafarkin zuwa.

Da gaske ana kallo a talabijin ko dai surutun intanet ne?

Ana kallo. A 2021 matsakaicin masu kallon gasar Oklahoma City a tashoshin ESPN ya kai wajen miliyan 1.2 a kowane wasa, ya fi na gasar besbol ta maza ta jami'o'i a shekarar. A 2025 wasannin ƙarshe tsakanin Texas da Texas Tech sun tara matsakaicin miliyan 2.2, na ukun ya kai miliyan 2.4. A Afrilun shekarar kuma Stanford ta buga da California a filin ƙwallon Amurka na Stanford ɗin gaban mutum fiye da 13,000. Abin da ya canza shi ne ESPN ta daina ɓoye wasannin a lokutan da ba kowa, ta sa su da yamma a babbar tasha har da ABC, da mutane suka samu gani kuma sai suka zauna.

Wace jami'a ce gagarabadau?

A yawan kofi UCLA ce, 12. Arizona na da 8, duk a hannun koci Mike Candrea tsakanin 1991 da 2007, zamanin su shahararriyar mai jifa Jennie Finch. Da can wasan na yammacin ƙasar ne kawai, sai a 2005 Michigan ta zama ta farko daga gabashin kogin Mississippi da ta ɗauka, Alabama ta biyo a 2012, Florida 2014 da 2015, daga nan kudu ta shigo da ƙarfi da kuɗi.

Amma wanda ya fara kallo a 'yan shekarun nan Oklahoma zai ce. Patty Gasso ta karɓi tim ɗin a 1995, ta ɗauki kofi 8, huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, abin da ba a taɓa yi ba. A 2023 wasa 61 suka ci aka ci su ɗaya tak, kuma sun jera nasara 71 kafin Louisiana ta tsayar da su a Maris 2024. 'Yar wasansu Jocelyn Alo, 'yar Hawaii, ta gama da homron 122, ba wadda ta kai ta a tarihi. Texas ce ta ɗauka a 2025, karo na farko gare ta.

Wannan mamayar ta Oklahoma ba ta kashe armashin gasar ba?

Masu ƙorafi suna da hujja, garin Norman inda jami'ar take tafiyar kusan rabin awa ce a mota zuwa filin, to kusan a gida suke buga kowace gasa, filin ya cika da jajayen riguna. Duk da haka ni ina ganin sun amfanar da wasan. Masu son su sun zo kallo, masu jiran ranar da za a kayar da su ma sun zo, sauran jami'o'i kuma dole suka buɗe aljihu suka gina filaye suka ƙara wa koci-koci albashi. Ranar da Texas Tech ta fitar da su da 3-2 a 2025 ai kowa ya ga irin hayaniyar da aka yi.

An ce akwai wadda aka ba dala miliyan ɗaya, gaskiya ne?

Gaskiya ne. NiJaree Canady ce, 'yar Topeka ta jihar Kansas, mai jifa. Ta kai Stanford Oklahoma City sau biyu, a 2024 ta koma Texas Tech bayan wata ƙungiyar masu tallafa wa makarantar ta ba ta kwangilar sama da dala miliyan ɗaya a shekara. Hakan ya yiwu ne don tun Yulin 2021 an halatta wa 'yan wasan jami'a su sami kuɗi da sunansu da hotonsu. Texas Tech ba ta taɓa zuwa gasar ƙarshe ba kafin ta zo, a shekararta ta farko ta kai su har wasan kofi, ita ke jifa kusan kowace ƙwallo, sai a wasa na uku ƙarfi ya ƙare Texas ta ci maki biyar a turmin farko aka tashi 10-4.

Kada dai wannan ya ruɗi kowa. Ita ɗaya ce cikin dubbai, yawancin 'yan wasa abin da suke samu ragin kuɗin makaranta ne, shekaru da yawa ma gurbin tallafi 12 kacal ake rabawa tim mai mutum fiye da 20, sai a 2025 aka sauya tsarin. Ɗaliban da suka shigo da bizar karatu kuma dokar biza ta taƙaita musu irin wannan samun. Abin da ke damuna shi ne ƙananan jami'o'i, su raini yarinya ta yi fice sai mai kuɗi ya ɗauke ta a shekara ta gaba.

Akwai baƙaƙen fata a ciki kuwa?

Akwai, amma ba su da yawa kamar a ƙwallon kwando ko tsere, kuma babban dalili tsada ce, kafin jami'a ta gan ki sai kin yi shekaru a kulob masu yawon gasa jiha-jiha, kuɗin mota da otal da kaya duk a kan iyaye. Natasha Watley ta UCLA ta buɗe hanya, ta ci zinare a Olamfik na 2004. Sai Odicci Alexander a 2021, wadda ta ɗauko ƙaramar jami'ar James Madison da ba wanda ya sa a lissafi ta doke Oklahoma a wasan farko, ta kai su kusa da na ƙarshe, ranar da aka cire ta daga fili tana hawaye duk filin ya miƙe yana tafa mata har da magoya bayan Oklahoma. Mutane da yawa daga wannan makon suka fara bin sofbol. Canady da na ambata a sama ita ma baƙar fata ce.

'Yata tana so ta shiga. Ya batun sutura da rauni?

Ta fuskar sutura yana cikin wasanni masu sauƙi ga iyalan da ke kula da wannan, dogon wando ake sawa da doguwar safa saboda zamiya a ƙasa, ana iya sa riga mai dogon hannu a ciki, mai bugu kuma hular kwano take sawa. Batun ɗankwali ko hijabi ku zauna da koci tun kafin a fara. Rauni akwai shi: ƙwallo a fuska ga mai jifa da masu tsaron kusa, shi ya sa da yawa suke sa abin kare fuska na ƙarfe, ku saya mata kada ku yi jinkiri, sai ciwon gwiwa da idon sawu, da ciwon kafaɗa da baya ga yarinyar da ake sa ta jifa ba hutu. In koci yana sa ta jifa wasa uku a rana ɗaya ku yi magana.

In burin jami'a ne, koci-kocin babban rukuni ba su da izinin tuntuɓar yarinya sai 1 ga Satumba na shekararta ta biyun ƙarshe a sakandare. Kuma ba babban rukuni kaɗai ba ne, akwai na biyu da na uku da kwalejojin shekara biyu, sai dai na ukun ba ya ba da tallafin wasa.

Ana yi musu adalci daidai da maza?

An samu gyara amma da faɗa aka samu. Har 2021 ana cusa gasar matan cikin mako guda, tim ya buga wasa biyu a rana, maza masu besbol kuwa a gasarsu ta birnin Omaha suna da ranakun hutu. A shekarar ruwan sama ya jawo Florida State da Oklahoma State suka gama wasa bayan ƙarfe biyu na dare. Koci-koci irin su Gasso da Carol Hutchins ta Michigan suka fito suka yi magana a fili, daga 2022 aka mayar da gasar kwana tara.

In sun gama jami'a sai me?

Shekaru da yawa amsar ita ce koyarwa, ko tafiya Japan inda kamfanoni ke da lig mai biyan kuɗi, ko a ajiye wasan gaba ɗaya ana shekara 22. A Yunin 2025 aka fara sabon lig mai suna AUSL da tim huɗu, Kim Ng ke shugabanta, hukumar besbol ta MLB kuma ta zuba jari a ciki. Olamfik ma yana dawowa: an yi sofbol daga 1996 zuwa 2008, Amurka ta ci uku Japan ta ci na 2008, aka cire shi, ya dawo a Tokyo Japan ta sake ci, babu shi a Paris, a 2028 kuma za a buga shi a filin nan na Oklahoma City duk da cewa Los Angeles ce mai masauki.

Daga gida Najeriya ko Nijar ya zan kalla?

A lokacin gasar Oklahoma tana bayanmu da awa shida, wasan ƙarfe bakwai na yamma a can ƙarfe ɗaya na dare ne a Kano ko Zinder. Amma a kwanakin farko akwai wasannin rana da ke faɗowa tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare a wurinmu. Wanda data ba ta isa ba ya nemi taƙaitattun wasannin a YouTube, shafin NCAA da na ESPN suna sa su, minti goma zuwa sha biyar. In sabon shiga ne ka fara da James Madison da Oklahoma na 2021, sannan wasan farko na Texas da Texas Tech na 2025, ka riƙe bayanin cin maki na tambaya ta biyu a kusa.